Abin da Inna Dije Ta Hana Ni Faɗa

Ranar da Inna Dije ta fara yi mini maganar ɗanta ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake a ranar ba ta kira shi ɗanta ba, kuma har muka rabu ban ji ta kira shi haka ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun sha tambayata wace ɗabi'a ce ta riƙe ni har na yi ritaya. Nakan ce muku riƙon amana, in yi shiru. Yau zan faɗa muku sauran.

Lokacin ina jami'ar walwala a ofishinmu na Daura, a ƙarƙashin Alhaji Lawal, shugaban sashe. Aikinmu sulhun ma'aurata, marayu, tsofaffin da ba su da mai kula, da masu taɓin hankali. Inna Dije bafulatana ce daga wata ruga a kan hanyar Baure, mijinta ya rasu, tana kawo fura da nono ranar kasuwa. A farkon daminar shekarar ta riƙa sauke ƙwaryarta a bakin ofishinmu, inda babu ciniki. Har Alhaji Lawal ya fara tsokanata.

"Malama Rabi, kin buɗe mana kasuwar nono ne? A rage mini mai tsami."

Wata rana da mutane suka watse ta matso kusa da ni, idonta a kan ludayi.

"Akwai wani a gidan mai magani. An sa shi a mari. Ƙafar ta fara wari."

"Wane ne shi a wurinki, Inna?"

"Ɗan mutanen gidanmu ne."

Daga nan na gane ɗanta ne na fari. Kun san al'adar: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin ubansa. A rugarsu abin ya fi namu na gari tsanani. Sunansa Buba, na ji daga baya a bakin wasu. Saurayi ne makiyayi da ciwon taɓin hankali ya kama, har ya cinna wa rumbu wuta. Ƙanen ubansa, Baffa Mato, wanda gidan ya koma hannunsa, shi ya kai shi wurin mai magani aka ɗaure.

Kafin ta ɗauki ƙwaryarta ta riƙe mini hannu.

"Ki fitar da shi, 'yata. Amma na haɗa ki da Allah, kada kowa ya ji daga bakina ya fito. Kowa."

Na ce mata na ɗauka. Abin da aka koya mana ke nan tun farko, kuma abin da mahaifina ya rene ni a kai: maganar da mutum ya ba ka ajiya tasa ce, ba taka ba.

Na je gidan mai maganin a cikin makon. Buba yana zaune a wata rumfa a bayan gida, ƙarfen ya ci idon sawunsa na hagu, ƙuda sun rufe wurin. Ranar hankalinsa a kwance yake. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi ko an yi ruwa a Daura. Mai maganin yana tsaye a kanmu da carbi.

Sai Buba ya ce, "Inna ce ta aiko ki?"

Na dubi mai maganin. Duk abin da na faɗa zai isa kunnen Baffa Mato kafin la'asar.

Na ce, "Daga ofishin gwamnati nake."

Ya gyaɗa kai. "Ba ta zuwa ai. Fura dai ake kawowa, a ce daga gida. Amma na san damunta."

Bari in bayyana ƙa'idar don waɗanda ba su san aikin ba. Ba mu da ikon ɗauke babban mutum daga hannun danginsa haka kawai. Ko dai wani makusanci ya furta yardarsa a gaban shaida, kamar mai unguwa ko arɗo, ko kuma a bi ta kotu, wadda ke ɗaukar lokaci. A cikin makusanta, maganar uwa tana gaba da ta baffa. Wato kalma ɗaya daga bakin Inna Dije ta isa mu saka Buba a mota zuwa asibiti a Katsina.

Ranar kasuwa na bayyana mata haka. Na roƙe ta ta furta, ko ta sake ni in ce ita ta zo wurina. Ta daɗe tana juya nono ba ta zuba wa kowa.

"In buɗe baki a kan wancan, a gaban ƙannen ubansa? In ce na kai su ƙara wurin hukuma? Da wace fuska zan sha ruwa a gidan? Ga ƙannensa mata ba su yi aure ba. Za a ce uwarsu ba ta da kunya."

"Inna, ƙafar ba za ta jira ba."

"Ke ce mai ilimi. Ki nemo wata hanya."

Muka shirya zama a ƙofar gidan arɗo. Alhaji Lawal ya zo da kansa. Baffa Mato ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi.

Ya ce, "Yallaɓai, asibitin nan can muka fara. Suka ba shi ƙwaya ya yi ta barci kamar gawa, da ta ƙare ya tashi ya ƙona mana hatsi. In kun dawo da shi ya ƙona mutum, ku za ku biya rai? A bar shi a hannun Malam har kaka, in ba sauƙi sai mu yi magana."

Alhaji Lawal ya sa aka kira mahaifiyar. Ta zo ta durƙusa nesa da tabarma, ta juya gefe.

"Baiwar Allah, ke kika haife shi. Kin yarda mu kai shi asibiti?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ni me na sani? Ga masu shi nan."

Mazan suka gyaɗa kai, sun ji abin da ya dace. Alhaji Lawal ya juyo gare ni. Ya ga zaman Inna Dije a bakin ofis, ba yaro ba ne.

"Malama Rabi, ko akwai abin da za ki ƙara?"

Na dubi bayan Inna Dije. Na ce, "Babu abin da zan ƙara, Yallaɓai."

A mota ya ce, "Kin san wani abu."

"Na sani. Ba nawa ba ne."

Bai matsa mini ba. Ya ce ko da na faɗa, in ta musanta a gabansu mun rasa ita da yaron duka. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma da na faɗa, da ta sunkuyar da kai ta yi shiru, arɗo ya karɓi shirun a matsayin yarda. Na juya wannan a raina fiye da yadda zan iya faɗa muku, ban samu amsa ba.

Muka bi sauran hanyoyin. Na samu Baffa Mato ya yarda ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa wanke ciwon, amma mai maganin ya ce allura tana karya aikinsa. Muka kai maganar wurin dagaci, ya ce zai kira su. Muka fara bin ta kotu. Gero ya yi kai, aka fara yanka. Wata safiya ma'aikacin lafiyar ya shigo ofis ya ce muƙamuƙin Buba ya sarƙe, jikinsa ya sandare. A ranar Baffa Mato da kansa ya ce a zo a ɗauke shi. Kafin motarmu ta isa, ya cika. Sai da aka nemo maƙeri aka cire marin kafin a yi masa wanka.

Na je gaisuwa. Gwaggonninsa suna kuka a tsakar gida. Inna Dije tana gefe tana tankaɗe, don ko a mutuwa ba a so a ga hawayen uwa a kan ɗan fari. Da na tashi tafiya ta rako ni har bayan garke, inda babu kowa.

"Da kika je, wancan ya yi maganata?"

"Ya tambaya ko ke kika aiko ni."

"Me kika ce?"

"Na ce daga ofis nake."

Ta tsaya tana kallon shanu. "Ba ki faɗa masa ba."

"Kin hana ni, Inna."

"Haka ne. Na hana."

Na ce mata ya ce ya san damun furarta. Ta sa bakin mayafi a baki ta cije, ta daɗe a haka. Sannan ta ce Allah ya yi mini albarka, na rufa mata asiri, ta juya ta koma. Ba ta ƙara kawo nono bakin ofishinmu ba.

Na ci gaba da aiki, na ci gaba da riƙe amana, don in mutane suka san bakinmu a buɗe yake, babu uwar da za ta ƙara sauke ƙwarya a ƙofarmu. Amma kada wani ya ce muku kyawawan ɗabi'u suna ceton mutane. Wani lokaci suna yi. Wani lokaci kuma abu biyu masu kyau ne za su tsaya a gabanku, mutuncin uwa da ran ɗa, kuma duk wanda kuka riƙe, ɗayan zai suɓuce. Abin da kawai na sauya bayan nan shi ne, in wani ya ce zai ba ni sirri, nakan ce masa tun kafin ya fara: in akwai rai a ciki, ban yi alkawarin shiru ba. Wasu sun ji haka sun tashi sun tafi da maganarsu, ban san abin da ya same su ba.

Buba kuwa ya tafi bai ji cewa uwarsa ta yi ta zama a ƙofar hukuma saboda shi ba. Ni kaɗai na sani. Inna Dije ta rasu bara, shi ya sa na faɗa muku yau, ko da yake na sauya sunayensu.