Salansar Kawu Sidi

Ku da kuka zauna a unguwar Ƙurban ta Madina kun sani, Kawu Sidi bai taɓa buga wa kowa waya ya ce ga shi nan tafe ba. Motarsa ce ke yi masa sallama. Tun yana kwanar gidan burodi za ka ji gilashin taga na rawa, sai a ɗora shayi. Wata tsohuwar Ba'amurkiya ce ja, mai silinda takwas da ƙofa biyu, ya saye ta tun yana aiki a matatar mai ta Yanbu. In ka ce tana da ƙara, sai ya harare ka kamar ka zagi 'yarsa, ya ce, "Ba ƙara ba ce, gyaran murya take yi."

Limamin unguwa ya taɓa tare shi bayan la'asar, ya ce, "Abu Faisal, nan fa Madina ce. Ko mutum ba a so ya ɗaga murya, balle ƙarfe." Kawu ya sunkuyar da kai ya ce wallahi gaskiya ne. Muka ɗauka gyara zai yi. Washegari sai ya tara mu, ni ɗan ƙanwarsa da ƙannena biyu, kowa da gemunsa da iyalinsa, wai mu tura ta har ƙarshen layi kafin ya tayar. Muna wuce masallaci ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ka ji wani abu?" Liman ya ce, "Na ji nishin bayin Allah."

Abin ya daina zama wasa lokacin da ciwon suga ya tafi da idon matarsa, Inna Rakiya. Duk Asabar sai ta je Masallacin Ƙuba ta yi raka'a biyu, al'adarta ce tun tana budurwa, kuma da ƙafa take zuwa. Da ido ya tafi, ƙafar ma ta yi nauyi, sai an kai ta. Motar Kawu kuwa, Inna ta ce ba za ta shiga ba, don yanzu da kunne take gane duniya, in wannan rugugi ya cika mata kai sai jiri ya kwashe ta. Babban ɗansu Faisal, wanda ko da Hausa ka yi masa magana da Larabci zai amsa, ya yanke hukunci. Ya ce, "Khalas ya Baba, a kai ta tashlih." Tashlih shi ne inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Ya ce zai kawo ƙarama mai shiru.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai ran nan. Ya juya wajen Inna ya ce, "Ummu Faisal, ke me kika ce?" Ta ce, "Ranar da zan ja carbina a cikinta in ji ƙarar 'ya'yansa, zan shiga. In ba haka ba, a yi yadda yaro ya ce."

To, nan wahalata ta fara. Kawu ya sa ni gaba har garejin wani bakanike mutumin Maraɗi, Malam Isufu, neman salansa, wadda a nan muke cewa shakman. Aikina shi ne in zauna a kujerar Inna da carbi a hannu ina ja, shi yana tuƙi ya kasa kunne. Salansar farko ta rage ihun a waje, amma a ciki sai wani gunji ya taso har haƙorana na kaɗawa. Kawu ya ce, "Ja mana." Na ce, "Tun ɗazu nake ja."

Ta biyu kuwa ta yi shiru tsit, sai dai ta shaƙe motar. Muka tsaya a danja, aka ba da hannu, wata motar kai burodi ta wuce mu. Kawu ya koma gareji idonsa jawur ya ce, "Isufu, murya na ce ka rage mata, ban ce ka mai da ita firji ba." Malam Isufu ya ce, "Alhaji, kai mai shiru kake so ko mai ƙarfi?" Kawu ya ce, "Mai ladabi nake so."

A sati na uku na gaji, na fara buga 'ya'yan carbin da ƙarfi don mu huta. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ita ba haka take ja ba. Shekara arba'in ina jin ta." Na ji kunya ƙwarai, na koma ja a hankali.

Daga ƙarshe Malam Isufu ya samo wata babba mai faɗin bututu, yadda injin zai yi numfashi sosai, ya ƙara mata wata 'yar tukunya a tsakiya mai shanye gunjin. Muka hau titi, Kawu ya taka, motar ta zabura kamar da, amma muryar ta koma can ƙasa, irin ta dattijo. Na ja carbi sau uku. Kawu ya tsaya a gefen hanya ya ce, "Uku." Sai na ga yana share ido da gefen rawaninsa, ya ce wai ƙura ce.

Ranar Asabar rabin layi ya fito kallo, har da Faisal ya harɗe hannu. Ni na shige baya, Kawu ya riƙo Inna ya zaunar da ita. Ya tayar. Ta ja carbi, ta saurara, ta ce, "Mu je." Daga gida zuwa Ƙuba minti biyar ne, amma Kawu ya bi ta unguwar Sih, ya zagaya rabin gari don kowa ya shaida. Muna cikin tafiya Inna ta ce, "Abu Faisal, rage gudu." Kawu ya zabura ya ce, "Au, da ma kina magana a mota?" Ta ce, "Tun da ka sayo ta a Yanbu nake faɗa maka wannan." Ya ce, "Wallahi ni na ɗauka addu'a kike yi." Ta ce, "Har da ita."

Da muka dawo ya tsaya daidai ƙafar Faisal, ya sauke gilashi ya ce, "Ina tashlih ɗin yake? Mu kai taka." Faisal ya yi dariya, ya sumbaci kan ubansa, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Ka ci, Baba."

Shekara biyu ya yi yana kai ta, bai fasa ko Asabar ɗaya ba, har ciwon ajali ya kwantar da shi. Kwana uku bayan rasuwarsa na zauna kusa da Inna, sai ta ce mini, "Ka san duk hanya yana faɗa mini abin da muke wucewa? Ga dabino ya nuna, ga sabon gini, ga wance ta fito shara. Tun da idona ya tafi, a motar nan kaɗai nake ganin gari."

Allah ka jiƙan Kawu Sidi, ka yafe masa, ka haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya haskaka mata hanya. Ita kuma ka ba ta haƙurin rashinsa. Amin.