Ranar da na kashe ɗan masunci

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen jikokina ma sai na jero uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma akwai abu ɗaya da ya ƙi tafiya, kuma na san ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni: ranar da na kashe ɗan masunci a gindin dogon yaro, a bakin Kasuwar Litinin, tsakanin azahar da la'asar. Ban taɓa shi da hannu ba, da baki na kashe shi, kuma a cikin littafi yake. Duk da haka laifi ne, kuma nawa ne.

Lokacin ina saurayi, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Kawuna ne ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni Maiduguri, ina koyon ɗinki a rumfarsa. Bokona bai wuce aji huɗu na elementare ba, amma ya ishe ni karanta Hausa, kuma da shi na kamu da ciwon littattafan labari, musamman na aljanu da biranen da babu su a duniya. Labarin mutum ya je gona ya dawo bai dame ni ba, wannan kullum ina gani. Ni dai a ba ni wanda doki ke magana.

Bazara ce lokacin karatuna. Wanda ya san zafin garin nan ya san da rana ta take tsaka kasuwa mutuwa take yi. Kawu yakan rufe keken ɗinki ya miƙe a ƙarƙashin tebur, ba ya motsi sai an kira la'asar. Wannan ɗan tsakanin ne kawai nawa. Safe da yamma na ɗinki ne, a gida kuma Kawu ya riga ya faɗa mini cewa kananzirinsa ba na aljanu ba ne.

Kusa da rumfarmu akwai wani dattijo Babarbare mai wankin hula. Baba muke ce masa, shi kuma yana ce mini Afuno, yadda suke kiran Bahaushe. Yakan wanke hula da sabulu da buroshi, ya sa mata ƙaro, ya kifa ta a kan gungumen itace da aka sassaƙa kamar kai, ya jera su a rana. Baba yana karatun Alƙur'ani, amma baƙin boko ko ɗaya bai sani ba. Duk da haka ban taɓa ganin mai son littafin labari kamarsa ba. Kowace bazara yakan sayi littafi ɗaya tak, ni kuma in karanta masa. Ladana kofin ardeb mai sanyi, wato ruwan tsamiya, da wankin hulata.

Yana da dokoki. Babi ɗaya a rana, ba ƙari. Inda muka tsaya a sa tsinken tsintsiya. Littafi ya kwana a akwatinsa na ƙarfe, nannaɗe a ƙyalle. Sannan ba a leƙa gaba.

"Mai leƙa gaba ɓarawo ne, Afuno," in ji shi. "Yana satar abincin gobe."

Ni kuwa ɓarawon ne. Duk Alhamis yakan tafi kai wa manya hulunansu ya bar ni gadin rumfa, ni kuma in buɗe akwati. Kafin mu kai rabin littafin bazarar nan tare, ni na riga na gama shi.

Labarin wani ɗan masunci ne da sarkin aljanun ruwa ya sace masa ƙanwa, sai ya nutse cikin tafki don ya ƙwato ta daga wani birni mai ƙofa bakwai. Baba ba ya ce masa ɗan masunci, "yaronmu" yake ce masa. In na zo zai ce, "Zauna mu ga inda yaronmu ya kwana." In yaron ya yi wauta, Baba ya ajiye buroshi ya yi masa faɗa da Barbarci.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, domin shi ne nauyin laifina. Baba yana da ɗa namiji guda, wanda ya bi masunta zuwa Tafkin Chadi shekaru kafin zuwana, bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo. Baba ba ya maganarsa. Amma a ƙarshen layin gumaguman nan akwai wata hula shuɗiya da yakan wanke lokaci-lokaci ya kifa, ba wanda ke zuwa karɓa. Duk layinmu an san ta wane ne. Ni ma na sani. Ba zan ce ban sani ba.

Ana nan sai wani direban lori, ɗan unguwarmu a Kano, ya sauka da kaya. A aljihun rigarsa akwai wani littafi mai kauri, na wata sarauniya mai rundunar tsuntsaye. Na roƙe shi, ya ce in riƙe har su gama lodi, kwana biyar, ranar da zai juya kuma ko ina tsakiyar jimla ne zai karɓe abinsa. Na yi lissafi. Lokacina ɗaya ne a rana, kuma Baba ya riƙe shi. Babi goma sha ɗaya suka rage mana. Da na ce masa, "Baba, a ba ni hutun kwana biyar," da ya ba ni. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan shekara ashirin. Wadda ta zo mini ranar ita ce in gama da ɗan masunci.

Ranar Talata ce. Yaron ya isa ƙofa ta biyar, inda wani kada mai haƙoran ƙarfe ke gadi. A littafin, wayo ya yi wa kadan ya wuce. Ni kuwa na kafa ido a shafin, na gyara murya na ce, "Sai kada ya buɗe baki ya haɗiye shi. Ƙanwarsa ta ji labari ta yi ta kuka. Sarkin aljanu ya ci gaba da mulkinsa. Ƙarshe."

Buroshin Baba ya tsaya.

"Afuno, sake karanta wurin."

Matsalar maƙaryaci ke nan, ba ya riƙe abin da ya faɗa. Na ce, "Sai kada ya kai masa sara ya raba shi biyu."

"Ɗazu haɗiye shi ya yi."

"E, bayan ya raba shi biyu."

Ya goge hannunsa a gefen riga, ya karɓi littafin, ya kama shafukan da suka rage tsakanin yatsa biyu, yadda yake taɓa hula ya ji ko ta bushe.

"Waɗannan fa?"

"Bayanin masu buga littafi ne," na ce, "da gargaɗi a kan wanka a tafki."

Ya daɗe yana kallona. Ina jira ya ce ƙarya nake, har na fara shirya rantsuwa. Sai ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka." Ya mayar da tsinken, ya nannaɗe littafin, ya sa a akwati. Na tashi ina ganin na yi nasara, ban ma tsaya shan ardeb ɗina ba.

Kwana biyar ina ɓuya a bayan rumfunan masu hatsi ina karanta sarauniya da tsuntsayenta. Na gama ana ɗaure igiyar lori. Yau in za a yanka ni ba zan iya faɗin yadda labarin ya ƙare ba.

Abin da ya dame ni bayan nan shi ne Baba bai yi fushi ba. Kirkinsa ma ƙaruwa ya yi. Yana ajiye mini dabino. Hulata tana shan ƙaro har tana iya tsayuwa da kanta. In Kawu ya ɗaga mini murya, Baba ya leƙo ya ce, "Malam, ka bi yaron nan a hankali, yana da zuciya mai kyau." Kawu ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce shi dai bai ga alama ba.

Sai wata rana na lura gungumen ƙarshe babu komai a kansa. Hula shuɗiya ta tafi. Ban tambaya ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa gaskiya, gobe ta yi in ce jibi. Haka har hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka, Baba ya rufe rumfa ya tafi gonarsa a Konduga, yadda ya saba kowace damina.

Da bazara ta zagayo na jira ya sayo littafi, shiru. Zafi ya kai inda yake kaiwa, kasuwa ta mutu, mu biyu muna zaune a gindin dogon yaro muna kallon huluna suna bushewa.

"Baba, bana ba littafi?"

"Na huta, Afuno."

Kwana uku na iya jurewa. A na huɗu na ajiye kofin da ya ba ni ban sha ba, na ce, "Baba, ɗan masunci bai mutu ba. Ni na kashe shi. A littafin ya wuce kadan."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da goga wata farar hula, ya ce, "Na san ba a nan labarin ya ƙare ba. Shekara arba'in ina taɓa ƙyalle, na san kaurin abu. Gargaɗin wanka ba ya kai haka."

"To me ya hana ka magana?"

"Cewa na yi abin da ke gaba ya fi kada muni. Na ce yaron nan ya leƙa, ya ga abin da za su yi wa ɗan masunci a can ƙasa, ya tuna ɗana, ya ce bari in rage wa tsoho. Shi ya sa ban ba kowa ya karanta mini ba." Ya juya hular. "Shekara guda ina sa ka a addu'a bayan kowace sallah."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na faɗa masa komai, direba da lori da sarauniya da kwana biyar. Ya saurara har na gama.

"Littafin direban ya yi daɗi?"

"Ba sosai ba."

"Ko daɗi ma bai yi ba," in ji shi, yana faɗa wa hular.

Can ya miƙe ya jawo akwatin. Littafin na nan cikin ƙyallensa, tsinken na nan a ƙofa ta biyar, a ƙarƙashinsu kuma hula shuɗiya a ninke. Ya miƙo mini littafin. Na ce zan karanta masa duka yau, ko Kawu zai kore ni.

"Babi ɗaya," ya ce. "Shekara guda ka bar shi a ruwa, kwana goma sha ɗaya ba za su kashe shi ba."

Haka muka yi. Sai dai yanzu da sabuwar doka: in na gama shafi sai na nuna masa ƙasansa da yatsa kafin in juya. Ba ya gane ko baƙi ɗaya, amma yana dubawa sosai, kamar alƙali.

Rana ta goma sha ɗaya yaron ya fito daga ruwa riƙe da hannun ƙanwarsa, ya tarar da ubansa a bakin tafki yana gyaran komarsa ta kamun kifi, kansa ya yi fari fat. Na karanta a hankali, ban ƙara ba, ban rage ba. Baba bai daina goga ba, amma wuri ɗaya yake ta gogawa.

"Uban ya gane shi?"

"Ya gane shi."

"Nuna mini wurin."

Na nuna. Ya ɗora yatsansa mai danshi a kan layin, ya bar shi nan har takardar ta jiƙe. Can aka kira la'asar. Muna tafiya masallaci na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, albarkar da ka sa mini ta shekara guda fa?"

"Ba a ƙwace albarka, Afuno," ya ce. "Riƙe abinka. Amma ka san ba taka ba ce."

Washegari hula shuɗiya ta koma kan gungumenta. Iyakar sanina mai ita bai taɓa dawowa ba. Ni da Baba mun ƙara bazara huɗu, littafi huɗu, kafin ya tafi Konduga wata damina ya rasu a can. Ban sake buɗe akwatinsa ranar Alhamis ba.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ba ka amanar idonsa, to ka faɗa masa abin da ke rubuce, ko ya yi maka tsawo. Kai kana ganin hira ce ta kashe zafin rana, ba ka san abin da shi ya rataya a jikinta ba. Yanzu idona ya yi rauni, jikata ce ke karanta mini in sun samu hutu da bazara. Yarinya ce mai gaskiya, ban taɓa kama ta ba. Amma in ta ce "ƙarshe", nakan karɓi littafin in taɓa abin da ya rage.