Birkin da Baba Ya Ɗaure

Mahaifinmu bai iya ba da haƙuri da baki ba. In ya ɓata maka rai, sai dai ka wayi gari ka tarar ya gyara maka wani abu, ko takalminka ya sha ɗinki, ko ƙofar ɗakinka ta daina kuka. Kai kuma ka gane, magana ta wuce. Gyaran keke yake yi a gindin wata bishiyar bedi a Ƙofar 'Yandaka, kuma dokarsa a sana'a ɗaya ce: duk abin da ke motsi a jikin keke ba da izininsa ba, ciwo ne, a ɗaure shi.

Autanmu ne ya ɗauko taurin kansa kaf. Shekarar da soja suka koma bariki, auta ya faɗa harkar siyasa, yana liƙa fasta yana bin motar wani ɗan takara. Baba, da yake so ya gaje shi a gindin bedi, ya kira shi maroƙi a gaban mutane. Daga ranar, in ban da gaisuwar safe babu abin da ke haɗa su. Ni ne babba, ina koyarwa a firamare, ni na zama ɗan aike tsakaninsu, kuma na gaji da aikin ƙwarai.

Cikin wannan zaman doya da manja auta ya shigo da wani keke da ya tsinta a kayan gwanjo. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Tayoyinsa jibga-jibga, ba kariya, ba madigadi, ga wani ƙaton sifirin a tsakiya. Tayar baya tana kan wani hannun ƙarfe mai hawa da sauka. Birkinsa ba roba ba ne, wani ɗan baki ne da ke cafke faifan ƙarfe a tsakiyar taya. An yi shi ne don gangarowa daga kan duwatsu, mu kuwa Katsina shimfiɗe take kamar tabarma. Sai auta da abokansa suka mai da wani tsohon ɓangaren ganuwa dutsensu, suna sulalowa daga kansa har cikin ramin da ake ɗibar ƙasa.

Baba yana kallon keken ta wutsiyar ido kullum. Abin da ya tsone masa ido shi ne birkin baya. Ba a ɗaure shi a jikin hannun tayar ba. Yana kan wani ɗan faranti mai juyawa a kan gatarin taya, wata doguwar sanda siririya ce kaɗai ta riƙe shi, ta tafi ta kama jikin keken can gaba. In an danna sirdi, sai ka ga birki yana ɗan gyaɗa kai. Baba ya ce mini wannan ajali ne a fili, wani ragon makaniki ne ya yi masa aikin ha'inci.

Wata safiya auta ya bi ayarin kamfen zuwa ƙauye, ya bar keken a zaure. Baba ya tura shi gindin bedi, ya cire sandar, ya huda hannun tayar, ya ɗaure farantin da noti tamau. Ya wanke shi, ya shafa mai a sarƙa, ya mayar da shi inda yake. Da na ga yana murmushi shi kaɗai, na san haƙuri ya bayar, har na ji daɗi.

Washegari auta ya hau ganuwa bai lura ba. Yana taka gangara ya matsa birki, sai tayar baya ta sandare, ta shiga tsalle a kan gargada maimakon ta bi ƙasa, ta kwashe ta gefe. Aka kawo shi gida da karyayyen ƙashin kafaɗa. Da ya ji abin da aka yi wa keken, ya dubi Baba.

"Baba, mi na tare maka? Ko keken ma sai ka ɗaure shi?"

Baba ya sa takalmi ya fita. Kafaɗa na warkewa, ɗan takararsu ya ci zaɓe, auta ya bi shi Abuja. Keken ya bari a zaure.

Na zaci Baba zai jefar da shi. Ashe sandar nan tana cikin akwatin sufanunsa. Duk damunar nan, in aiki ya yi sauƙi, sai ya kifa keken, ya ɗaure, ya kwance, ya danna, ya saki. Wata rana bayan La'asar ya kira ni. Ya juya tayar da ƙarfi ya damƙe birki, ya nuna mini yadda tayar ke son jan birkin ta tafi da shi. Ya ce in birkin na ɗaure a hannun taya, duk wannan jan a hannun yake ƙarewa, ya murɗe shi, sifirin ya rasa sakewa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Amma in yana kan faranti, sandar ce ke kwashe jan ta kai wa jikin keke, hannu ya ci gaba da hawa da sauka, taya ta manne da ƙasa. Ya mayar da sandar, ya sa na danna sirdi da birki a riƙe. Keken ya nutse ya taso lumui.

"Ashe motsin nan shi ne lafiyarshi," ya ce, a hankali.

Na ce bari in aika wa auta. Ya hana ni. Ya ce kar in ce masa komai, in ya zo ya hau zai gane. Na yi masa biyayya, kuma har yau ina jin zafin biyayyar nan.

Auta ya zo da babbar Sallah, cikin mota da babbar riga. Tun da sassafe Baba ya wanke keken ya jingine shi a bakin zaure, inda ba yadda za a yi a wuce ba a gan shi ba. Auta ya tattare rigarsa don kar ta taɓa sarƙa, ya shiga ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo. Baba ya amsa, idonsa na kan ƙofa. Har auta ya koma, ba wanda ya ambaci keke. Kafin wata Sallar Baba ya rasu.

Bayan sadakar uku na fito da keken na faɗa wa auta komai. Bai hau ba. Ya riƙe birki ya danna sirdi, ya saki, ya sake dannawa. Sannan ya tsuguna. Hudar da Baba ya yi tana nan, ya toshe ta da guntun ƙarfe ya goge har tana ƙyalli. Auta ya ɗora yatsa a kai ya daɗe.

"Yaya, yaushe ya gyara?"

Na ce tun kafin Sallar da ya zo. Ya ɗago ya dubi bakin zaure, inda ranar Sallar nan ya tattare rigarsa ya wuce keken.