Shafukan da Yaya Garba ya ɗinka da zaren taru

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Yaya Garba, kuma har yau in na buɗe akwatin ƙarfensa, ƙarnin kifi ne ke fara gaishe ni kafin warin tsohuwar takarda. Allah ya jiƙansa. Mutanen Yelwa sun san shi da fentin jiragen ruwa a kwatar bakin kogi, shi ke rubuta wa kwale-kwale suna ya yi masa ado. Mu a gida mun san shi da abin da Inna take kira littattafan dodanni: tsofaffin littattafan zane na Turawa, masu labarin mutanen da ke hawa kumbo zuwa wata duniya, da matattu masu fasa kabari, da halittu masu ido ɗaya a goshi.

Ba a kanti yake samo su ba. A wancan zamani 'yan gwanjo kan kawo tsofaffin jaridu da mujallu buhu-buhu, masu suyar kifi su saya su riƙa naɗe wa jama'a karfasa da tarwaɗa. Sai Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙen abin da suke yagewa, in ya ga zane ya roƙa. Abin haushin, mai kifi kife littafi take yi ta fara yaga daga baya. Saboda haka kusan duk abin da ya ceto ba shi da ƙarshe. Ƙarshen ya riga ya tafi Shanga ko Warra da maiƙo a jikinsa.

Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa sai ya yanki takardar buhun siminti, ya zauna da ragowar fenti ya zana yadda labarin ya kamata ya ƙare, ya ɗinke da zaren tarun kamun kifi. Turancinsa na firamare ne, bai damu da rubutun ba, hoto yake bi. Bayan la'asar mu kewaye shi a gindin dogon yaro yana ba mu labari da Hausa, yana canza murya, mu yi ta ihu muna ƙanƙame juna amma ba mai tashi.

Akwai ɗaya da ya fi duka. Labarin wani birni ne na mutane masu koriyar fata, teku na cinye shi sannu a hankali. Shafin Turawa na ƙarshe da ya tsira ya nuna ruwa ya kai wuyan benaye, jarumin yana tsaye kusa da ɗan ƙaramin kumbo, jama'a na ɗaga hannu. Daga nan sai takardar siminti. Me Yaya ya zana? Kwale-kwale! Ga su nan birjik sun nufo birnin, korayen mutane na shiga da awaki da tukwane da tabarmi. A goshin jirgin gaba ya zaunar da wata mata da ɗankwali da goyo, ta waiwaya tana kallon inda ta baro.

Ba wanda ya tambaye shi ko wace ce. Inna ce, ranar da aka kwashe su daga gungunsu da ruwan dam ya taso, goyon kuwa shi ne. Inna da ba ta ko taɓa littattafan nan sai ga ta ta karɓa ta ƙura ido. Can ta ce, "Kai Garba, ina turmina? Ai da shi munka hito." Washegari sai ga turmi a tsakiyar jirgi.

To, bana ne 'yata Hauwa'u ta tayar mini da hankali. Zane ta karanta, a kwamfuta take yi, kuma hannun Kawunta ta ɗauko ba tantama. Ta bi intanet ta tono wannan littafi cikakke, har shafukan da mai kifi ta yage. Niyyarta mai kyau ce: ta warware ɗinkin, ta cire takardar siminti, ta buga shafukan asali ta haɗa, a kai wa mai ɗaurin littafi. Ta iso gidana da reza a jaka.

"Mama, gyara ne fa," in ji ta. "Da Kawu ya samu na gaskiyar ai da bai wahalar da kansa ba."

Na ce ta fara nuna mini na gaskiyar. Ta miƙo waya. Jama'a, jarumin nan shiga kumbonsa ya yi da 'yar sarki suka tashi sama abinsu! Birnin ya nutse da kowa da kowa, hoton ƙarshe kumfa ce kawai a kan ruwa. Na ja tsaki har jikata da ke wasa a tsakar gida ta juyo. Shekara da shekaru ina ganin girman jarumin nan, ashe ɗan gudun ceton rai ne.

Na san abin da Yaya zai yi da yana raye, ba na ko shakka. Shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Da ya karɓe wayar ya kai ta dab da hanci, ya yaba yadda Baturen ya fitar da launin ruwa, ya hana Hauwa'u sakat da tambaya sai ta koya masa zane a kwamfuta. Da ya ji daɗin cewa yaro a Ngaski yau zai karanta labari daga farko har ƙarshe ba tare da ya roƙi mai kifi ba. Amma daga baya sai ya ɗago ya yi tambayar da duk ɗan bakin ruwa zai yi: to, sauran mutanen fa? A wurinmu ba a ganin hannu a sama a juya jirgi.

Na gaya wa Hauwa'u ta buga nata ta ajiye a akwatin, akwai wuri. Zaren nan dai ba mai taɓa shi ina numfashi. Ta ɓata rai, ta ce ina fifita kwaikwayo a kan asali. Ban yi gardama ba, na buɗe shafin jiragen na ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana dubawa, irin duban masu sana'a, sai yatsanta ya tsaya a kan mai ɗankwali.

"Wannan ba koriya ba ce. Wace ce?"

"Kakarki ce. Na bayanta kuma Kawunki."

Rezar dai ba ta fito daga jaka ba.

Jiragen da Yaya ya yi wa fenti duk sun ruɓe, sunayen da ya rubuta ruwa ya wanke. Takardar simintin ma ta soma karyewa a gefe, na san wata rana za ta bi su. Ina kewarsa ƙwarai, amma ba na jin tsoron a manta shi. Makon jiya na ji Hauwa'u a zaure tana ba 'yarta labarin birnin nan. Da ruwa ya kai wuyan benaye yarinyar ta riƙe mata bakin zani, ta ce, "Umma, akuyar fa, ta shiga?"

"Ta shiga," in ji Hauwa'u. "Kowa ya shiga. Har da turmi."