Lallen Azurfa

Shekarar da annoba ta rufe Kuala Lumpur, yatsuna baƙaƙe ne ƙirin. Ruwan azurfa ne ya yi mini wannan aika-aika a ɗakin bincike, don ni da safar hannu ba ma ga maciji.

Aikina leƙen ƙwayoyin jikin ɓera ne. A cikinsu akwai zaruruwan gado, kuromosom, wasunsu ɗauke da tarin umarnin ƙera ribosom, 'yan injinan da ke haɗa furotin. Tambayar digirina ita ce: wanda ya fi tarin umarni shi ya fi aiki? Azurfa ce alƙali, ba ta baƙanta sai inda aka yi aiki. Galibi mai yawan ne ke rinuwa, amma sai ka ga wani dam da kaya yana sharar barci, fari fat. Haushi yake ba ni, wallahi!

Na taɓa yi wa Inna wannan bayani ta bidiyo, tana kwance a Kano, ciwo ya ci ƙarfinta. Ta ce, "Ashe kamar marina. Hannu ake duba." Tun daga ranar, gaisuwarmu ta zama, "Ke 'yar nan, nuna mini lallenki." In ɗaga yatsu, ta yi dariya. "Madalla. Ki gama ki zo in gan ki."

Sai aka rufe makaranta, aka tsayar da jirage. Na zauna a ɗakina na unguwar Kampung Baru, jirgin ƙasa na wucewa ba kowa ciki, ladan na cewa a yi salla a gida. Da hantsi nakan gyangyaɗa, in ga zaruruwan suna iyo kan rufin unguwa, ɗigo-ɗigon baƙi a wuyansu, Inna zaune tana tsince su kamar shinkafa a faifai.

Baƙin yatsuna ya yi ta koɗewa. Ranar ƙarshe da ta iya magana ta daɗe tana kallon hannuna, ta ce, "Ya goge." Na ce za a buɗe, Inna. Tsoro ya kama ni sosai.

An buɗe bayan sadakar arba'in ɗinta. Na shiga ɗakin bincike, na ajiye safar hannu gefe, na ɗiga azurfa a ɗan yatsa. Na fita rana na tsaya har ya yi baƙi, sannan na ɗaga hannun. Mai gadi ya zaci gaishe shi nake, ya ɗago mini nasa.