Ranar da Kwamandan Jamus Ya Ce A'a

A gidanmu na unguwar Ƙuba, a birnin Manzon Allah, idan sanyi ya shigo, kakarmu Hajja Kaltuma takan sa a hura gawayi a kasko bayan magariba. Mukan zagaye ta a tsakar gida, ni da ƙannena, butar shayi tana tafasa, ƙamshin na'ana'a ya cika ko'ina. Daga Cadi ta zo tun tana budurwa, amma Hausarta ba ta taɓa gurgujewa ba. Mu kuwa da Larabci muke amsa mata, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba sai mun maimaita da Hausa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, sai dai akwai labari guda da takan gyara zama kafin ta fara. "Wannan ba na Gizo ba ne," in ji ta. "Babana ne ya gani da idonsa."

Mahaifin nata sojan Faransa ne a babban yaƙin Turawa na biyu. Jamusawa suka kama shi a hamadar Libiya, da suka ga ya iya girki suka kai shi tantin wani babban kwamandan jiragen sama. Mutumin ya fara ne da sojan doki, ya koma tuƙin jirgi tun yaƙin Turawa na farko, aka harbo shi ya karye a ƙafa, ya tashi da ɗingishi. Bai bar aikin ba. Ya yi ta hawa har duk jiragen wannan yanki suka koma hannunsa. Kowace yamma yakan tsaya a bakin fili yana jiran matuƙansa, kuma ya san kowa da sunansa. Da yaƙi ya juya musu baya, sai baban Hajja ya riƙa dafa abincin da yake kwana a tukunya, don masu cinsa ba su dawo ba.

"Ba'dain?" ƙanwata Safiya takan tambaya.

"Ki ce 'sai me,' 'yar nan. Sai aka bugo waya daga ƙasarsu. Wai kwamandan ya tura duk matuƙan da suka rage, alhali man da ke cikin jiragen na zuwa ne kawai, babu na dawowa."

Baban Hajja yana tsaye da tire a hannu. Bai jin Jamusanci, amma ya ga mutumin ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya faɗi kalma ɗaya sau uku, ya kife wayar. Ranar jirgi ko ɗaya bai tashi ba. Ba a daɗe ba mota ta zo ta tafi da kwamandan, an karɓe muƙamin. Matuƙan suka jeru suna sara masa, wasu suna kuka. Daga baya Ingilishi suka ci wurin, baban Hajja ya samu 'yanci, ya koma gida ya yi aure.

Na taɓa ce mata, "Ashe mutumin kirki ne, Kaka."

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya gaya maka? Azzalumi ya yi wa aiki shekara da shekaru, jiragensa sun ƙone gidajen bayin Allah. Rana guda ce na ba ka labarinta. Sauran ranakun yana can shi da Ubangijinsa."

Yanzu ni ne mai kula da direbobin bas a wani kamfanin jigilar alhazai. A wani aikin Hajji, maigidana ya ce in mayar da wani direba, Malam Isa, hanyar Makka, alhali yanzu ya iso, idanunsa jajur don rashin barci. Na ce ba zai tafi ba. Aka yi min faɗa, aka hana ni ƙarin girma a shekarar. Malam Isa ya kwana a gidansa a unguwar Uhudu, da safe ya ɗauki fasinjojinsa ya kai su lafiya.

Ban ɗauki kaina gwarzo ba. Abin da na gane daga wajen Hajja, Allah ya jiƙanta, shi ne a'ar da aka jinkirta har ƙarshe ba ta wanke abin da ya wuce. Shi ya sa nake ƙoƙarin faɗin tawa da wuri, tun tana da amfani.