Shafin Taswira a Bakin Kanal

Littafin ba nawa ba ne, na abokina ne ɗan Kumbotso, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a kwalejin ilimi. Ƙaton littafin Turanci ne mai koren bango, an rubuta shi don nuna wa malamai yadda za su koyar da karatu da rubutu a cikin kowane darasi, ba a ajin Turanci kaɗai ba. Babin lissafi daban, na kimiyya daban, na labarin ƙasa daban. Ni dai sai jarrabawa ta matso nake buɗe shi. Shi kuwa ya riƙe shi kamar wasiyyar kakansa, har nakan tsokane shi da cewa ranar ɗaurin aurensa littafin ne zai karɓa masa. Ga shi da hannun rubutu. In ya cika allo, sai ka ji ba ka son a goge.

A shekararmu ta ƙarshe aka tura mu gwajin koyarwa wata sakandare tsakanin Kura da Bunkure, lokacin noman rani, tumatir ya fara fure. Ba mu daɗe ba muka gane yawancin 'yan ajin zanen haruffa kawai suke yi. Su kwafi allo tsaf, ka ce su karanta abin da suka kwafa, sai kallon ƙasa. Abin ya hana abokina sakat. Ya koma babin labarin ƙasa, inda aka ce a fitar da yara su ga abu da idonsu, su auna, sannan su rubuta. Nan take ya yanke shawarar kai su bakin kanal, wajen ƙofar ƙarfen da ake sakin ruwa zuwa gonaki.

Na ce masa kada ya soma. Ni ɗan yankin ne, duk da ƙauyenmu da nisa, na kuma san abin da babban littafi da tef ɗin awo suke nufi a wurin manomin rani. A baya wasu sun zo da irin waɗannan kaya, suka ce dubawa kawai suke yi. Bayan tafiyarsu aka rufe ruwa rani guda cur da sunan gyara, iri ya ƙone a fangali, magidanta suka watsu neman ƙwadago. Ya yi dariya, ya ce ai da yara za mu je, wa zai ji tsoron yara? Da na ga ba zai fasa ba sai na bi shi.

Da hantsi muka isa. Ya yi zanzaro, ya maƙale biro a aljihu, ya miƙa wa wani ɗalibi bakin tef ya ce ya tsallaka da shi. Ban ga lokacin da mutum na farko ya ɗago daga cikin tumatir ba. Na dai waiwaya na ga suna tahowa ta kan kunya, ƙafafu duk taɓo, wani da fartanya, wani da tiyon jan ruwa. Yaran, da suka ga fuskokin iyayensu, suka watse. Wata yarinya ce kaɗai ta tsaya, ta ƙanƙame littafin rubutunta.

Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na fara bayanin cewa malaman makaranta ne mu, sai na ji mari a kunnen hagu har duniya ta yi mini shiru. Wani ya fizge tef ɗin ya tattake. Wani ya ce waɗancan ma cewa suka yi dubawa ce, yanzu an koyi fakewa da 'ya'yansu. Aka cakumi kwalar abokina, maɓallan rigarsa suka zube a ƙasa. Ya ce su yi wa Allah su tsaya, zai nuna musu. Ya buɗe littafin daidai inda ya sa alama.

Shafin taswira ne. Misali ne kawai na wata ƙasa da ba ma ta wanzu ba, an yayyanka ta gida-gida, ga shuɗin layi ya ratsa tsakiya. Amma duk wanda ya tashi a nan, in ya kalle shi, gonaki zai gani da kanal. Na ji wani ya ce ai ga shi nan, har an gama rabawa.

Wani dattijo mai furfura a gemu, wanda ranar ce ranar da ake sakar wa gonarsa ruwa, ya ɗaga hannu aka ɗan lafa. Ya yafito yarinyar nan. Ashe 'yarsa ce.

"Zo ki karanta mana," in ji shi. "Tun kina ƙanƙanuwa nake tura ki boko. Abin da kika ce an rubuta, shi zan yarda da shi."

Wallahi a lokacin na ji sanyi a raina, na ce mun tsira. Ta karɓi littafin, ta ɗora yatsa a kan layin farko. Leɓenta na motsi. Ta furta wata ƙaramar kalma, ta tsaya. Ta koma ta sake furta ta. Abokina ya buɗe baki zai taimaka, aka buge masa baki har jini ya fito. Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi shafin, hawaye suka zubo mata.

Su a ganinsu ta karanta ne, ta ga abin da ba za ta iya faɗa ba.

Dattijon ya juya fartanyarsa ya kai duka da ƙota. Abokina ya kare kansa da hannun dama. Har yau ina jin ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ni kuma aka rufe ni da tiyo ta ko'ina, aka hankaɗa ni cikin ruwa, duk sanda na ɗago a sake danna ni. Na sha ruwan kanal na ƙoshi. Da yaran da suka gudu ba su kirawo shugaban makarantar, wanda kowa ya sani, ya iso a kan babur ba, da ba ni nake ba da wannan labari ba. Littafin kuwa na hango shi ya kumbura, ruwa na tafiya da shi.

Na daɗe ina jin haushi, kuma ba manoman kaɗai ba. Ina jin haushin masu littafin da suka zauna a inuwa suka ce a fita a auna. Na fi jin haushin duk malamin da yarinyar nan ta wuce ta ajinsa, ya ga rubutunta ya yi kyau ya ba ta maki.

Gidan mai ɗori aka kai abokina, nan kusa. Ƙashin tsintsiyar hannun ya farfashe, mai ɗorin ya ce sai an samu ƙarfafa sun danne shi kafin ya ja. Cikin waɗanda suka shigo har da dattijon, da ya riga ya ji ko su wane ne mu daga bakin shugaban makarantar, kansa a sunkuye. Shi ya rungume ƙirjin abokina ta baya, yana yi masa sannu yana salati, abokina na ihu. Da aka gama ɗaure karan ɗori, dattijon bai sake shi ba. Ya tambaya a hankali, me aka rubuta a wurin?

"Baba," in ji abokina, muryarsa a dishe, "cewa aka yi a koya wa yaro karatu yadda in an tambaye shi zai iya bayani."

Hannun bai ƙara riƙe alli ba, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Jarrabawar shekarar ta wuce shi. Yanzu yana koyarwa a wata firamare, da hagu yake rubutu, wani karkataccen rubutu da ba ya son in gani. Yaransa kuwa ba sa kwafar layi sai sun karanta masa shi da baki.